Mu kai 'ya'yanmu Hubbare, su san masu kwance a ciki

A Hubbaren Shehu da ke Sakkwato na ga wata dattijuwa ta tuɓe takalmi, ta kama hannun jikarta, tana yi mata raɗa: "Shehu ke nan kwance, Nana ma tana nan. Ɗaga hannu ki roƙa musu rahama." Yarinyar ba ta wuce shekara bakwai ba. Raɗar nan nake so kada ta ɓace a tsakaninmu.

Na san wasu malamai za su ce a bar irin wannan ziyara, kuma suna da hujja. Akwai masu shafar bango, akwai masu kai kukansu ga mamaci maimakon Mahaliccinsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, da irin wannan ya yi ta fama a wa'azinsa tun yana Degel. Sai dai gyara ake yi wa mai kuskure, ba a rufe masa ƙofa. Manzon Allah (SAW) ya hana ziyarar kaburbura da farko, daga baya ya ce a ziyarta, domin tana tuna Lahira.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gardamar halas da haram ta sa mun manta da tarihin masu wurin. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta naɗa wasu mata a matsayin jaji, wato shugabannin ɗalibai mata, ta ɗora musu malfa, suna jagorantar 'Yan Taru, wato matan da ke taruwa don neman ilimi, daga ƙauyuka zuwa wurinta. Su zo da hatsi da zuma a raba wa mabukata, su koma da waƙoƙin tsarki da salla da tauhidi a ka, su koyar da matan da aure ya tsare a gida. Da ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba. Uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba jika. Haka ilimin ya iso mu.

Yau mutum zai taso daga nesa ya ziyarci Nana, alhali 'yarsa na tashar mota da farantin talla lokacin da sa'o'inta ke aji. Shehu ya yi kakkausar suka ga masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Ina roƙon makarantun Islamiyya su riƙa kai ɗalibai Hubbare, da Wurno inda Muhammadu Bello yake, da Gwandu wurin Abdullahi, ƙanen Shehu. Malami ya tsaya da su, ya koya musu sallamar da ake yi wa mamata, sannan ya karanta musu ko baiti biyar ne daga waƙoƙin Nana.