Na ɗauka tarawa ne

Saura wata huɗu in cika shekara 14 aka turo mana fom ɗin zaɓen darussan IGCSE, wata jarrabawar sakandare ta ƙasa da ƙasa. Karatuna duk ta intanet nake yi. Ajina teburin falo ne, malamaina kuwa kawuna ne a cikin 'yan akwatuna a fuskar kwamfuta. Saƙon ya ce a zauna da iyaye a yi nazari sosai, domin abin da aka zaɓa shi za a shekara biyu ana karantawa kafin a rubuta jarrabawa a watannin Mayu da Yuni. Ni ban zauna da kowa ba. Yaron da ya iya kashe kyamara ya sha barcinsa a tsakiyar darasi ba a gane ba, fom ne zai gagare shi?

Cambridge, masu shirya jarrabawar, suna da darussa sama da 70. Makarantarmu ba duka take koyarwa ba, an dai jero mana nata aka ce kowa ya ɗauki takwas. Dokata ɗaya ce: duk darasin da sunansa ya yi kama da wahala, a kai kasuwa.

Turanci da Lissafi dole ne. Sai dai a gefen Lissafin an sa zaɓi biyu, Core ko Extended. Kalmar ta biyun na san ta, ita malamai ke faɗa idan za su ƙara mana lokaci bayan an tashi. Ni da ke neman ragi, in je in roƙi ƙari da hannuna? Na danna Core. Na iske irin wannan zaɓin a Bayoloji, Fiziks da Kemistiri, na bi su ɗaya bayan ɗaya na danne. Kemistirin ma don na sha ganin bidiyon da ake zuba wani ruwa a kan wani, kumfa ta yi tsiri har rufi, shi ya sa na ɗauka. Tarihi na tsallake shi saboda malamin yana kiran suna ba zato. Labarin Ƙasa na rungume shi saboda malamar ba ta taɓa cewa a kunna kyamara ba. Na ƙara da darasin kwamfuta, tunda a gabanta nake wuni.

Saura gurbi ɗaya. Ina gangarawa ƙasa sai idona ya faɗa kan Additional Mathematics. Na karanta sau biyu. Addition dai tarawa ne, tun ina ɗan aji ɗaya na san wannan. Wato akwai darasi guda, da jarrabawarsa da takardar shaidarsa, wanda ba komai a ciki sai biyu da biyu huɗu? Har tausayin 'yan ajinmu na ji, da ba su lura da wannan banzar da ta faɗi ba. Na danna, na aika, minti tara cif.

Na nuna wa Yayata ina taƙama. Ta daɗe tana kallon fuskar kwamfutar, ta cije leɓe, ta ce, "Allah ya ba da sa'a, ƙanena." Ta fita da sauri. Da ina da wayo, a nan ya kamata in tsargu.

Bayan mako guda malamar da ke ba mu shawara ta kira taron bidiyo da iyaye. Abba ya zauna a damana, Umma a haguna. A nan sai na faɗa muku cewa tun ina ɗan shekara biyar Abba ke kirana Dokta, kuma babu abokinsa da bai san za a yi likita a gidanmu ba.

Malama ta buɗe fom ɗina kowa yana gani. Ta ce, "Alhaji, kun duba wannan tare?"

Abba ya ce, "Ai Dokta ya san abin da yake yi."

Ta yi bayani a hankali, kamar mai kai saƙon rasuwa. Wanda ya rubuta Core, sakamako mafi girma da zai iya samu shi ne C. Ko ya cinye tambayoyin nan kaf bai bar ko ɗigo ba, C ne. A* da A da B duk suna can a Extended.

Abba ya juyo da dukkan jikinsa. "C? Har guda huɗu?"

Na ce intanet ɗin kamar yana yankewa. Ba ya yankewa. Ranar ce kaɗai a tarihin gidanmu da bai ko girgiza ba.

"Amma abin da ya ɗaure mini kai," in ji Malama, "shi ne na takwas ɗin. Wannan darasi ana ba wa ɗaliban da lissafin Extended ya yi musu kaɗan ne. Akwai logarizim a ciki, akwai kalkulas. Ka zaɓi mafi sauƙin lissafi da mafi wuyarsa a fom ɗaya. Me ka hango?"

Na kai hannu na danna maɓallin kashe murya, na karkata wajen Umma na ce, "Wallahi Umma na ɗauka tarawa ne."

Ashe kyamara na kashe. Muryar tana nan daram.

Aka yi tsit. Da na maido da hoton, Malama ta kashe tata muryar, ita dai ta san maɓallinta, amma kafaɗunta sai rawa suke, tana goge ido da gefen mayafi. Daga bayan ƙofa kuma na ji wani abu ya faɗi. Yaya ce, ta zube ƙasa tana riƙe ciki.

Malama ta ce ba komai, ba a rufe rajista ba, za a iya cire shi. Har na fara sauke ajiyar zuciya sai Abba ya ɗaga hannu. "A'a, Malama. Huɗun nan a mayar da su Extended. Na tarawar kuma a bar masa abinsa, ai shi ya gani ya ce yana so." Garin neman ƙiba na samo rama.

Kemistirin da na ci wa buri ma bai fisshe ni ba. Mai karatu daga gida ina ya ga ɗakin gwaji? Aka ce takardar da ke maye gurbin gwajin hannu zan rubuta, wadda ake zana maka kwalbar awo a ce ka karanta inda ruwa ya tsaya, ka cika jadawali, ka ja layi da fensir. Shekara biyu ina Kemistiri, kumfa ko ta sabulu ban tayar ba.

Ranar farko a ajin lissafin, malamin ya buɗe mana wata tsohuwar takardar jarrabawa, wai mu ga inda muka dosa. Mu shida ne a ajin, biyar suna gyaɗa kai. Ni kuwa na matso da fuskata dab da kwamfuta ina bin layi-layi, ina neman alamar tarawa. Na same ta kuwa, guda ɗaya, can a tambaya ta uku, an matse ta tsakanin x da wani abu mai kama da ƙugiya.

Yaya ta leƙo ta ce, "Dokta Tarawa, in kawo maka tsakuwa ka ƙirga?"