Ba kasuwa ce ta kashe kwalejin Birmingham-Southern ba

Duk sanda aka tayar da zancen rufe kwalejin Birmingham-Southern ta jihar Alabama a Amurka, sai ka ji masu sharhi kan harkar kuɗi na cewa ai kasuwa ce ta yanke hukunci. Wai yaran yanzu ba sa son tarihi da falsafa da adabi, sun fi son karatun da zai kai su ofis kai tsaye. Wannan magana tana ƙona mini rai, domin ta wanke masu laifi, ta rataya wa ɗalibai jakar tsaba.

Makarantar nan fa ba jiya aka fara ta ba. Mabiya cocin Methodist ne suka kafa tushenta a garin Greensboro a 1856, da sunan Southern University. A 1918 aka haɗe ta da Birmingham College, ta koma kan tudun da ke yammacin birnin Birmingham. Ta ga yaƙin basasar Amurka, ta ga karyewar tattalin arzikin shekarun 1930, ba ta mutu ba. Azuzuwanta ƙanana ne, malami ya san ɗalibi da sunansa. Nan tsohon sanatan Alabama, Howell Heflin, ya yi karatu.

To me ya same ta? Bayan shekarar 2000 shugabanninta suka shiga gine-gine da bashi: sababbin ɗakunan kwana, filin wasa, har da tafki a cikin harabar makaranta. Rikicin kuɗi na 2008 ya zaftare dukiyar waƙafinta. A 2010 kuma aka gano an daɗe ana tafka kuskure wajen lissafin tallafin da ake ba ɗalibai, giɓin ya kai miliyoyin daloli. Shugaban kwalejin, David Pollick, ya yi murabus, aka sallami malamai da ma'aikata, aka soke wasu fannoni, ciki har da ilimin kwamfuta da na akanta, wato fannonin da ake cewa kasuwa ke nema. Ina laifin malamin falsafa a nan?

Abin da ya fi ciwo shi ne na ƙarshe. A 2023 majalisar dokokin Alabama ta ware dala miliyan 30 domin ba kwalejojin da ke cikin matsi rance, kowa ya san da wa ake. Ma'ajin jihar, Young Boozer, ya hana Birmingham-Southern bashin, ya ce babu isasshiyar jingina. Masu kare shi na cewa kuɗin jama'a ya tsare, sai ka ce wakilan jama'ar ba su san abin da suka sa wa hannu ba. Mutum ɗaya ya rushe abin da majalisa ta gina, kuma wannan ganganci ne.

Ya kamata a riƙa bin diddigin littattafan kuɗin irin waɗannan makarantu tun kafin ruwa ya ƙare wa ɗan kada, a kuma tuhumi kwamitocin amintattun da ke sa hannu kan bashi ido rufe.

Ranar 31 ga Mayu, 2024, aka rufe kwalejin bayan shekara 168. A ranar, 'yan wasan besbol ɗinta suna jihar Ohio suna buga gasar ƙasa ta rukuninsu. Washegari suka ci wasa, sanye da rigar makarantar da babu ita.