Haƙƙin Babana nake nema, ba sadaka ba

Ranar Talatar da ta wuce, ana idar da sallar asuba na sa Baba a adaidaita sahu muka nufi sakatariya, an sake kiran 'yan fansho tantancewa. Karo na uku ke nan cikin shekara biyu. Mutumin da ya yi shekara 35 yana koyarwa a firamare, yau shi ake cewa ya zo da ƙafarsa ya tabbatar wa gwamnati cewa yana raye.

Yana da wata tsohuwar leda da ba ya yarda kowa ya riƙe masa. A ciki akwai takardar ɗaukarsa aiki wadda ta yi ja don tsufa, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da ta ritaya, da hotuna, da lambar NIN da ta BVN ya rubuta da hannunsa a bayan ambulan. Mun isa kafin ƙarfe bakwai, muka tarar da tsofaffi sun cika harabar, wasu a kan dakali, wasu sun shimfiɗa rawani a ƙasa sun zauna. Benci biyu kacal aka fito da su. Babu rumfa, babu ruwa. Wajen sha biyu wani dattijo da ke gabanmu ya sulale ya faɗi, mu ne muka sayo ruwan leda muka yayyafa masa, yana farfaɗowa abin da ya fara tambaya shi ne ko an kira lambarsa.

Sai bayan la'asar layi ya zo kan Baba. Na'urar ta ƙi karɓar yatsansa. Aka goge, aka sa, ta ƙi. Aka ce ya shafa a goshi ya sake sawa, ta ƙi. Yaron da ke kan kwamfutar ya ɗago kai zai yi magana, sai ya tsaya, ya miƙe tsaye ya ce, "Malam, ku ne a nan?" Ɗalibinsa ne, shi ya koya masa lissafi a aji biyar. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, wallahi ba daga wurinmu ba ne. Ku dawo mako mai zuwa." Baba ya ce, "Ba komai ɗana, Allah ya yi maka albarka." Ni kuwa zuciyata tafasa take yi. Da muka fito na ga hannunsa na rawa wajen ƙulle ledar.

Shekara bakwai da yin ritaya, ko kwabo bai gani ba daga garatutinsa. Fanshon da ke shigowa kuwa, idan ya shigo, ba ya kai shi ga maganin hawan jini da na ciwon suga na wata guda, balle a yi maganar kwanon masara. Mai kemis ɗin unguwarmu littafi ya buɗe masa.

Abin da ya fi ƙona min rai ba layin ba ne. Da dare in kunna rediyo, sai in ji sojojin baka sun mai da wahalar iyayenmu abin cacar baki. Na wannan jam'iyya ya ce bashin nan gadonsa muka yi daga waɗanda suka sauka. Na waccan ya ce ai mu ma haka muka tarar, kuma mun fi ku biya. A yi ta jifan juna da biliyoyi har shiri ya ƙare. To Baba jam'iyya ya yi wa aiki? Ya shiga aji a mulkin soja, ya shiga a mulkin farar hula, ya ga gwamnoni sun zo sun wuce, bai taɓa tambayar yaro jam'iyyar ubansa ba kafin ya koya masa karatu. Gwamnati ya yi wa aiki, kuma gwamnati ɗaya ce, duk wanda ya hau kujerar ya hau da bashinta.

In kuma aka tashi biyan wani kaso, sai a kafa rumfuna, a kira maroƙa, a jera tsofaffi a gaban kyamara kowa riƙe da takarda, a sa su yi godiya. Godiyar me? Wanda ya ci bashinka shekara bakwai ya dawo maka da rubu'i, shi ne za ka durƙusa masa? Fansho ba tallafi ba ne, ba kyautar gwamna ba ce. Albashi ne da aka jinkirta, gumi ne da aka ajiye. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a bai wa ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Na Baba ya bushe tun tuni.

Kuma ba roƙo muke yi ba, doka ce. Sashe na 210 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce kada a riƙe wa ma'aikacin jiha haƙƙinsa na fansho da garatuti, ya kuma ce a riƙa sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashi, duk wanda ya riga zuwa. An kai mafi ƙarancin albashi naira 30,000 a 2019, an kai shi 70,000 a 2024. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Kuɗin da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru bayan haka, su da kansu suke faɗa. Duk wannan ya faru, amma abin da ke faɗowa asusun Baba bai motsa ba yadda za ka ce an san yana cin abinci.

Kada wanda ya ce min babu kuɗi. A 2019 tsohon gwamnan Zamfara Abdul'aziz Yari ya rubuta wasiƙa yana neman a biya shi naira miliyan 10 na kula da kai da doka ta ba shi duk wata. Sai da wasiƙar ta fito fili, jama'a suka yi ca, sannan majalisar jihar ta soke dokar. Jihohi da dama sun yi irin wannan doka: gida, motoci, masu gadi, asibiti, ga wanda ya yi shekara huɗu ko takwas. Shi ba a cewa ya zo ya ɗora yatsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A 2013 John Yakubu Yusuf ya amsa laifin karkatar da biliyoyin naira na fanshon 'yan sanda, kotu ta ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida, sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta gyara hukuncin. Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora don ya tsaftace harkar fansho, shi kansa aka yanke wa shekara takwas a 2021. Manya ne suka cusa sunayen bogi a takarda suka kwashe, amma tsofaffi ake gasawa a rana don a nemo na bogin.

Wani maƙwabcinmu ya ce in kai sunan Baba wurin kansila, ana rubuta masu tallafin naira 25,000. Na ƙi, shi ma Baba ya ƙi. Ba don mun fi ƙarfinta ba. Akwai marayu da zawarawa a layinmu da suka fi kowa cancanta, kuma har yau ba su ga komai ba, alhali a watan Janairun 2024 an dakatar da ministar jinƙai Betta Edu a kan batun tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum. A gyara wannan, a bai wa mabuƙata. Amma kada a haɗa malamin da ke bin gwamnati bashi da layin rabon shinkafa, a ci moriyar ganga a yar da kwaurenta sannan a ce an taimaka masa.

Muna so a buga sunayen duk waɗanda ke bin garatuti bisa shekarar da suka yi ritaya, a manna kowa ya gani, a biya bi da bi, ba sai wanda ya san wani ko wanda ya yarda a yanke masa kaso ba. Wanda ba ya iya tafiya a bi shi gida a tantance shi, yadda ake bin mu ƙofa ƙofa lokacin zaɓe.

Abokin Baba da suka yi ritaya shekara ɗaya ya rasu da azumin bana, yana jiran nasa garatutin. Ranar Talatar nan na ga matarsa a layi, riƙe da irin ledar Baba. An ce mata fayil ɗin ya koma na mamaci, sai ta kawo takardar shaidar mutuwa da ta kotu, sannan a fara daga farko. Mu kuma Talata mai zuwa za mu koma, Baba ya ce in tashe shi da wuri don mu samu benci.