Haƙoran George Washington da Tambayar “Wa Ya Faɗa?”

Ranar Asabar na raka yara Mount Vernon, gidan George Washington, shugaban Amurka na farko. Gidan yana jihar Bajiniya, a kan tudu, ya fuskanci kogin Potomac. Farin gida ne mai jan rufi da doguwar baranda, ga ciyawa an aske ta tas, ga ɗakin girki, ga maƙera, ga ɗakunan bayi can gefe. Har gadon da ya cika a kai ranar 14 ga Disamba 1799 yana nan. Ba ma gwamnati ke riƙe da wurin ba, ƙungiyar wasu mata ce ta saye shi tun 1858.

Wani yaro ya tambayi matar da ke zagayawa da mu ko gaske ne haƙoran Washington na katako ne. Ta ce ƙanzon kurege ne. Lokacin da aka rantsar da shi a 1789 haƙori ɗaya tal ya rage masa, haƙoran jabun da yake sawa kuwa an haɗa su da darma da hauren dorina da haƙoran mutane. Sai ta ƙara da abin da ya sa jikina ya yi sanyi: a littafin lissafin gidan na 1784 an rubuta cewa an biya wasu baƙaƙen fata sule 122 kuɗin haƙora tara, da sunan wani likitan haƙori. Ta ce nan takarda ta tsaya, nan ita ma za ta tsaya. Ba ta ƙara gishiri ba, ba ta kuma rufa wa maigidan asiri ba. Haka ta faɗi cewa bayi 317 ne a gonar shekarar da ya mutu, ko muryarta ba ta yi rawa ba.

Kun san yadda abin yake a wajenmu. A zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, duk 13 ga Fabrairu sai an turo hoton Janar Murtala da labarin 'yan nairorin da aka tarar a asusunsa. Bara adadi daban, bana daban. Da na ce don Allah a ina aka samo, sai wani ya ce, “Malam, zaman Turai ya ɓata ka, yanzu har Murtala za ka tuhuma?” Ni da nake ƙaunar bawan Allahn nan! So nake in na faɗa wa ɗana, in ya ce ina hujja, in sami abin nuna masa. Mutum ya yi mulki daga Yulin 1975 zuwa Fabrairun 1976, motar da aka harbe shi a ciki tana gidan tarihi a Legas, amma sauran labarinsa mun bar wa “an ce”. Yara nawa ne a gida suke ɗauka Tafawa Ɓalewa shugaban ƙasa ne, alhali firayim minista ne? Nawa suka san Azikiwe, shugaban ƙasar na lokacin, a Zungeru aka haife shi a 1904?

Kada a ce ina wanke Amurkawa. Su ma sun sha ƙarya sun ƙoshi. Labarin nan da ake koya wa yaransu, wai Washington yana yaro ya sare wata bishiya ya ce wa babansa ba zai iya ƙarya ba, wani mai wa'azi Mason Weems ne ya cusa shi a littafinsa a 1806, bayan mutumin ya kwanta dama. Kuma maganar bayi sai da aka daɗe kafin su yarda su fito da ita fili. Amma dai takardun suna nan, shi ya sa ƙaryar ta tonu. Tun 1968 Jami'ar Bajiniya take tattara wasiƙunsa tana bugawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba su suka fara wannan ba. Mu da muka tashi a kan isnadi, wane daga wane daga wane, malaminka ba zai karɓi hadisi ba sai ya san wanda ya ruwaito da halinsa. Muna da Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, a Kaduna, muna da ma'ajiyar takardun ƙasa a can. Wa yake zuwa in ba mai rubuta digiri ba?

Alhaji Shehu Shagari ya rasu a Disambar 2018, kuma waɗanda suka yi zamani da shi kullum raguwa suke. Ina da kawu da ya ga siyasar jam'iyyun NPN da PRP ta zamanin Shagari da idonsa, ya san wa ya ce me a wane dandali. In na kira, daga gaisuwa sai maganar kuɗin magani, sai waya ta yanke. Laifin har da mu na waje, muna tura kuɗi ba ma tura kunne. Na roƙi ƙanina ya riƙa zama da shi bayan la'asar yana naɗar hirarsa a waya, ya ce sai na saya masa sabuwa, tasa ba ta da wuri. Wata uku ke nan da na tura kuɗin, har yau ko minti ɗaya ban ji ba.