Abuja na ƙirga jihohi, ba ta ƙirga mata

A nan Ingila, tun 2017 duk kamfanin da ma'aikatansa suka kai 250 sai ya buga bambancin albashin maza da mata kowace shekara, a shafin gwamnati da kowa zai iya buɗewa. Ana jera ma'aikata daga mai albashi mafi tsoka zuwa na ƙasa, a raba su gida huɗu, a faɗi yawan matan kowane gida. Nan asiri ke tonuwa: mata fal a ƙasa, sama kuwa sai tsilli-tsilli. Norway ta fi zafi. Dokarta ta 2003 ta wajabta a ba mata kashi 40 cikin ɗari na kujerun hukumar gudanarwa a kamfanonin hannun jari, wanda ya ƙi kuma ana iya rushe shi.

Mu a gida Najeriya alkawari ba ya mana kaɗan. Manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 ta ce a ba mata kashi 35 na muƙaman gwamnati. A Afrilun 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta cika shi, wata guda bayan majalisa ta yi watsi da ƙudurorin mata biyar. Inda aka ɗan ga motsi shi ne bankuna, don a 2012, zamanin da Sanusi Lamiɗo Sanusi yake gwamnan Babban Banki, an sa musu adadin mata da wa'adi, kuma mai riƙe da lasisinsu ne ke tambaya.

Abin haushin, injin ƙirgar muna da shi. Hukumar Raba Daidai tana bin kowace ma'aikata da lissafin jihohi, kowace jiha tsakanin kashi 2.5 zuwa 3. Me zai hana a ƙara layi ɗaya a takardar: maza nawa, mata nawa, a kowane matakin albashi daga 07 zuwa 17, jiha-jiha? Jiha-jihar nan da gangan na faɗa. Uku a jere mata ne suka shugabanci ma'aikatan tarayya tun 2015, madalla, amma jimilla tana ɓoye 'yar Jigawa ko Yobe da ba ta ko taka matakin farko ba.

Ga kuma tarkon takardar asalin jiha. A ƙa'ida, matar aure jihar iyayenta take ci gaba da wakilta. A aikace, 'yar Jos da ta auri Bakano sai a ce mata a Filato ai ta tafi, a Kano kuma a ce ba tasu ba ce.

Sai ƙarin girma. Shekara uku-uku ne har mataki na 14, daga nan huɗu-huɗu, da jarabawa. Shekarun nan su ne na haihuwa da raino. Hutun haihuwa ba shi ne matsalar ba. Matsalar a ce ta dawo ta tarar an tura wani kwas ɗinta, an kuma cike fom ɗin tantance ƙwazonta da "ba ta nan". Wannan gyaran ko majalisa ba ya buƙata, takardar umarni ɗaya daga ofishin shugabar ma'aikata ta isa.