Tsatsar jikin Angel of the North ba lalacewa ba ce

Masu ganin hoton Angel of the North, ƙaton mutum-mutumin da mai sassaƙa Antony Gormley ya tsara, wanda ke Gateshead, arewacin Ingila, sukan ɗauka tsatsa ce ta cinye shi don rashin kulawa. Ba haka ba ne. Da gangan aka zaɓi ƙarfen da aka gauraya da ɗan jan ƙarfe. Ruwa da iska kan sa jikinsa ya yi tsatsa daga waje, tsatsar kuma ta manne ta hana ɓarna shiga ciki, shi ya sa ba a shafa masa fenti. Tun 1998 yake tsaye, tsayinsa mita 20, faɗin fikafikansa mita 54. A ganina launin ya dace da wurin, domin tsohuwar mahaƙar kwal ce.