Hoton ƙarshen ciki yana da amfani, amma ba yadda muke amfani da shi ba

A manyan garuruwanmu da wuya a yanzu ka bi titin da ke gaban babban asibiti ba ka ga allon masu hoton ciki ba, kuma abin farin ciki ne a ce na'urar da likita Ian Donald ya fara bayyana amfaninta a birnin Gilasgo na Birtaniya a 1958 ta kai ga matar da ba ta da ƙarfin zuwa asibitin kuɗi. Sai dai mata da yawa ba sa zuwa sikanin sai ciki ya shiga wata na bakwai ko na takwas, kuma tambayoyi biyu ne ke kai su: mace ce ko namiji, sannan yaushe za a haihu. A ra'ayina waɗannan su ne mafi ƙarancin abin da hoton ƙarshen ciki zai iya yi mana, kuma ta biyun ma ba ya amsa ta da kyau.

Dalili shi ne a farkon ciki 'yan tayi suna girma kusan daidai da juna, shi ya sa hoton da aka ɗauka a watanni ukun farko yake faɗin kwanakin ciki da kuskuren da bai wuce mako ɗaya ba. Idan ciki ya tsufa kowane jariri ya kama nasa girman, kuskuren yana iya kaiwa mako uku gaba ko baya. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na awon ciki na 2016, ta ce a yi wa kowace mai ciki hoto ɗaya kafin mako 24, domin a san kwanakin ciki, a gane tagwaye, a kuma hango wasu nakasun halitta. Hukumar ba ta ce a riƙa maimaita hoto a ƙarshen ciki ga macen da ta yi na farko kuma ba ta da wata matsala ba. Wannan yana ba mutane mamaki, amma binciken da aka tattara bai nuna cewa yi wa kowace mai lafiyayyen ciki hoto a ƙarshe yana rage mutuwar jarirai ba.

To, ashe hoton ƙarshe ɓarnar kuɗi ne? Ko kusa. Akwai matan da shi ne yake raba tsakanin haihuwar rayayye da haihuwar gawa, kuma a wurinmu ba su da kaɗan: mai hawan jini, mai ciwon suga, mai sikila, mai ɗauke da tagwaye, wadda ta taɓa haihuwa ba rai, wadda jini ya ɓalle mata, wadda zazzabin cizon sauro ko ƙarancin jini ya wahalar da ita, wadda cikinta ya wuce lokacinsa, da wadda ma'aikaciyar awo ta auna da tef ta ga cikin bai kai makonninsa ba. A wurin irin waɗannan mata tambayar ita ce ko mabiyiya tana ci gaba da ciyar da jariri yadda ya kamata, domin mabiyiya ce huhunsa kuma ita ce abincinsa, kuma tana iya gajiyawa a hankali ba tare da uwar ta ji wani ciwo ba.

Mai hoton da ya san aikinsa zai auna faɗin kai da kewayensa, kewayen cikin jaririn, da tsawon ƙashin cinya, daga nan na'ura ta ƙiyasta nauyi. Kewayen ciki ne ya fi saurin tona asirin yunwa, saboda jaririn da abinci bai ishe shi ba hantarsa ce take fara ƙanƙancewa yayin da jiki yake kare ƙwaƙwalwa. Amma awo ɗaya ba ya nuna girma. Sai an maimaita bayan aƙalla mako biyu sannan a san ko yana ƙaruwa ko ya tsaya. A nan ne rashin hoton farko yake cutar da mu, domin idan ba a san ainihin kwanakin ciki ba, jaririn mako 36 da ya rame sai a rubuta shi a matsayin lafiyayyen ɗan mako 33, a ɗage ranar haihuwa zuwa gaba, kowa ya koma gida hankali kwance. Ranar haihuwar da aka tsayar da hoton farko ba a canza ta saboda hoton wata na takwas, kuma duk matar da aka ba ta ranaku uku daban-daban a takardu uku ta riƙe ta farkon.

Sai ruwan da jariri yake ciki. A ƙarshen ciki mafi yawansa fitsarin jaririn ne, saboda haka idan jini ya ragu zuwa ƙodarsa ruwan ma sai ya ragu. Ana auna zurfin wurin da ruwa ya fi taruwa, kuma abin da ake so shi ne tsakanin santimita 2 zuwa 8. Ƙasa da haka yana iya nufin mabiyiya ta gaza ko faya ta tsage ba a sani ba. Sama da haka kuma yana sa a binciki ciwon suga ko wata matsala a jikin jaririn.

Awon da na fi ganin an yi sakaci da shi shi ne na gudun jini, wanda ake kira Dofla. Igiyar cibiya tana da jijiyoyi uku, biyu suna kai jini ga mabiyiya, ɗaya tana dawo da shi. A cikin lafiyayyen ciki jinin yana ci gaba da tafiya gaba ko a tsakanin bugun zuciya da bugun zuciya. Idan hanyoyin cikin mabiyiya suka fara toshewa wannan tafiyar sai ta ragu, daga baya ta tsaya, a mafi muni kuma jinin ya riƙa komawa baya, kuma wannan alama ce da take sa likita ya kwantar da mace ya fara lissafin ciro jariri ko da bakwaini ne. An tabbatar cewa amfani da Dofla a cikin da yake da haɗari yana rage mutuwar jarirai, amma mata nawa ne masu hawan jini suke fita daga ɗakin hoto da takardar da ba ta ambaci gudun jini ba ko kaɗan? Wani lokaci na'urar ce ba ta da shi, wani lokaci mai riƙe da ita ne bai koya ba, wani lokaci kuma layi ne ya yi tsawo ana son a sallami kowa cikin minti uku. Akwai ma wani gwajin da likita Frank Manning ya tsara a 1980, wanda ake duba motsin jariri, ƙoƙarinsa na numfashi, lanƙwasa gaɓoɓi da miƙe su, yawan ruwa da yanayin bugun zuciya, a ba kowanne maki 2 cikin jimillar 10, kuma ana iya zama har minti 30 ana kallo kafin a yanke hukunci, domin jariri yana barci.

Batun kwanciyar jariri da mazaunin mabiyiya ba ya buƙatar dogon bayani. Kusan jarirai 3 zuwa 4 cikin ɗari ne suke kai lokacin haihuwa ba su juyo da kai ƙasa ba, kuma sanin haka a mako 36 yana ba da damar ƙwararre ya gwada juya shi ko a shirya haihuwa a asibiti. Mabiyiyar da ta tare bakin mahaifa kuwa ba abin da za a gano ta hanyar ɓallewar jini a gida da tsakar dare ba ne.

Abin da na fi jin tsoro shi ne yadda takardar sikanin take zama wa iyali tamkar shaidar lafiya ta sauran kwanakin ciki. Hoto yana faɗin halin da jariri yake ciki ne a sa'ar da aka ɗauke shi, ba ya hana mabiyiya ta ɓanɓare daga mahaifa bayan kwana biyu. Idan uwa ta ji motsin jaririnta ya ragu ko ya canza daga yadda ta saba, a tafi asibiti a ranar, ko da jiya aka yi hoto aka ce komai lafiya. Maganar da ake yi wa mata cewa jariri yana daina motsi idan haihuwa ta matso ba gaskiya ba ce. Yana motsi har cikin naƙuda. A ɗaya gefen kuma hoto yana tayar da hankalin da bai kamata ba: ƙiyasin nauyi yana iya kuskure da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, kuma cibiyar da ta naɗe wuya abu ne da ake gani a haihuwa da yawa ba tare da ya yi illa ba, don haka shi kaɗai bai isa dalilin tiyata ba.

Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna ana haihuwar jarirai kusan miliyan 2 ba rai a kowace shekara, Najeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka fi yawansu, sannan sama da kashi 40 cikin ɗari suna rasuwa ne a lokacin naƙuda, inda hoton makon jiya ba shi da abin da zai yi. Shi ya sa nake ganin nauyin ya fi komawa kan mu magidanta, domin mu ne muke biyan kuɗin hoto kuma mu ne ake jira mu sa hannu idan likita ya ce a sa ruwan naƙuda ko a yi aiki. Mai ɗaukar hoto yana rubuta abin da ya gani ne, amma wanda zai haɗa shi da awon jinin uwa, fitsarinta da tarihin haihuwarta yana ɗakin awo, saboda haka takardar ta koma can a ranar, kada ta kwana cikin jakar kayan haihuwa. Idan matarka tana cikin waɗanda na lissafa, kafin a biya kuɗi a tambayi wurin ko suna auna gudun jini, kuma idan takardar ta fito a duba ko ta faɗi nauyi gwargwadon makonni, yawan ruwa, mazaunin mabiyiya da kwanciyar jariri, sannan a tambayi likita ranar da za a maimaita.